Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaukar Haɗin Kiɗa a Kwamfuta

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga wani matashi take, mai haɗa waƙoƙi da mikisa a ɗakinsa. Ya ce: "Na jona mikisa da laftof, na ɗauki haɗin awa guda, da na kunna sai sautin ya fito a fashe. Ina matsalar take?"

To malam, da wuya in ba a ramin makirfo ka soka wayar ba. Sautin makirfo rauni gare shi, shi ya sa kwamfuta ke ƙara masa ƙarfi a wannan ramin. Na mikisa kuwa da ƙarfinsa yake zuwa, in aka sake ƙara masa dole ya fashe. Ga shi kuma a yawancin laftof ramin ba ya raba sautin hagu da na dama. In kwamfutar tebur ce, leƙa bayanta, ramin mai launin shuɗi shi ne naka. In laftof ce, nemi ƙaramar na'urar sauti ta USB, ka jona ta da ramukan mikisa da aka rubuta wa REC, ja da fari.

Amma ko ka gyara wannan, da sauran rina a kaba. Buɗe Audacity, manhaja ce ta kyauta, ka sa ido kan ma'aunin sauti. Bar ƙololuwarsa wajen -6, kada ya taɓa 0. Wanda aka ɗauka ƙasa-ƙasa ana ɗaga shi daga baya cikin sauƙi, wanda ya fashe kuwa ya riga ya fashe, duk gyaran da za a yi masa kwaskwarima ce. Kuma na san halin masu haɗa kiɗa, da zarar abin ya yi daɗi sai hannu ya fara tura maɓalli sama ba a sani ba. Don haka ka fara gwaji da waƙar da ta fi kowacce ƙarfi.

Wata baiwar Allah kuma ta ce tana jin gunji a ƙarƙashin kiɗan, ko da ba a kunna komai ba. Malama, cire cajar laftof ɗin ki saurara. In ya ɗauke, daga wutar lantarki yake. Ki ɗauka da batir, ko ki jona mikisa da kwamfutar a soket ɗaya.

Sai mai tambayar wane irin fayil ɗin sauti zai ɗauka da shi, WAV ko MP3. Ɗauki da WAV, ka saita Audacity a 44,100 Hz da bit 16, ingancin faifan CD ke nan. Minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, awa guda ya haura 600. Ajiye wannan a matsayin na asali, sannan ka fitar da MP3 mai ingancin 320 kbps don turawa abokai. Kada dai ka riƙa gyara MP3 kana sake ajiye shi, domin duk ajiyewa sai ya rage wani abu daga sautin.