Haɗa layukan intanet don VPN ya yi sauri: laccar da aka gabatar a Tawa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, ƴan uwa masu gyaran kwamfuta, barkanku da zuwa.

Masu ofis sukan ce mini: mun sa layin Airtel da na Moov cikin rauta guda, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, to me ya hana VPN ɗin, wato rufaffiyar hanyar intanet da ke haɗa mu da babban ofis na Yamai, ƙara gudu? Ai rautar rabon aiki kawai take yi. Wannan ya buɗe Facebook ta ba shi layin farko, wancan ya buɗe imel ta ba shi na biyu. VPN kuwa a wurinta aiki ɗaya ne, layi ɗaya zai bi, ɗayan yana zaune.

Idan ana so su yi aiki tare, sai a daddatsa bayanan ƙanana, kowane yanki da lambarsa, a watsa su ta layukan biyu. A ɗaya gefen dole a sami sabar, wato wata kwamfuta a kan intanet, da za ta tattara su ta jera. Babu sabar, babu haɗi, kada mai shago ya ruɗe ku. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce Multipath TCP, da aka fitar da ƙa'idarta a 2013; a shekarar ce kuma kamfanin Apple ya sa ta cikin Siri, manhajarsa mai amsa murya. Dabarar ta shiga tsarin kwamfuta na Linux 5.6 a 2020, tare da WireGuard, wani nau'in VPN. Cikin kayan da ke wannan haɗi, OpenMPTCProuter kyauta ne, yana hawa ko kan ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Speedify da Peplink na kuɗi ne.

Yanzu ku kasa kunne, nan mutane ke asarar kuɗi. A ce ka loda buhunan albasa a mota biyu zuwa Yamai, ɗaya ta bi Konni da Doso, ɗaya ta Filinge, mai saye kuma ya ce ba ya karɓar buhu na biyu sai na farko ya iso. Motar da ta riga isa jira za ta yi. Haka yake idan ka haɗa 4G da tsohuwar VSAT, intanet ta tauraron ɗan'adam, wadda jinkirinta kan kai milisakan 600: mai nawar ce ke riƙe kowa, har gudun ya kasa na 4G shi kaɗai. Wurin sabar ma abin dubawa ne. In a Faransa ka yi hayarta, takardar da za ta je Yamai sai ta zaga Turai tukuna. Kuma forfe biyu ne ke ƙarewa lokaci guda, wannan ba a cika faɗa wa mai gida ba.

Ni a ganina amfaninsa babba a nan shi ne kada aiki ya tsaya in rezo ɗaya ya ɗauke. Amma Nijar ba ta da teku, wayoyinmu ta ƙasashen maƙwabta suke fita. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace tare a gaɓar yammacin Afirka. Kamfani biyu na iya bin waya ɗaya, don haka na fi son a gama layin ƙasa da na tauraron ɗan'adam irin Starlink.

Kafin ku sayi komai, ku yi ping, wato gwajin jinkiri, a kowane layi, safe da dare, ku rubuta. In tazarar jinkirin layukan ta yi yawa, ku ajiye na biyun don ko-ta-kwana. Mai tambaya ya ɗaga hannu.