An gama tausa, sai me?

Anti Binta: To, tun wancan makon saƙo ɗaya ke ta shigowa daga masu sauraro: "Na je tausa, na wayi gari jiki na ciwo, ko an cuce ni ne?"

Sani: Ni ne shaida, Anti. Washegari kamar an kirɓa ni a turmi.

Anti Binta: Tsamin jiki ne, ba a cuce ka ba. In an danna tsoka da ƙarfi, kwana 1 ko 2 ya lafa. Matsalarku maza, ana gamawa sai ku wuce ɗaga ƙarfe ko ƙwallon yamma. Ranar ta hutu ce. Kuma kar a zabura daga kan gadon, a ɗan zauna tukuna, don jiri na ɗibar wasu.

Zainab: Ruwa fa? Mai yi min cewa take in sha da yawa, wai ya wanke gubar da ta matso.

Anti Binta: Ki sha ruwanki, yana da kyau, balle da zafin nan. Amma zancen guba daɗin baki ne na 'yan kasuwa. Hanta da ƙoda ke wannan aikin, da tausa da babu.

Sani: Mu dai da can babu wannan. Baba ya kwanta a tabarma, a ce Sani zo ka taka min baya.

Zainab: Ladan nawa?

Sani: "Allah ya yi maka albarka."

Zainab: Mu alewa ake ba mu! An cuce ka.

Sani: Ƙanina ne ya ƙwace min aikin, wai na yi nauyi. Har yau ban yafe ba, ban da sallama, ban da fansho.

Zainab: Ka kai ƙara wajen Hajiya mana.

Sani: Ita ta kore ni ai!

Anti Binta: Ku dawo, don Allah. Man zafi. In an shafa maka Aboniki ko Robb, kar ka bi shi da ruwan zafi ko gashi da tawul, fata na iya ƙonewa. Man kaɗanya ko na zaitun ba ruwansa, ka yi wanka da ruwa mai ɗumi abinka. Sai abin da ba na wasa ba: ƙwauri ɗaya ya kumbura, ya yi zafi yana ciwo, kar a ƙara taɓa shi, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Ko hannu ya sage ya ƙi sakewa, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Wannan asibiti ne, a ranar.

Zainab: Anti, masu ciki fa? An tambaya.

Anti Binta: Kai, lokaci ya tafi. Su fara jin ta bakin likita, sauran sai mako mai zuwa. Sani, rufe mana.

Sani: Ni batun fanshona...

Anti Binta: A kashe masa makirufo!