Mutum da Na'ura a Jiki Ɗaya: Tafiyar da Aka Fara Tun 1958

A ranar 8 ga Oktoban 1958, a asibitin Karolinska da ke ƙasar Suwidin, aka shiga ɗakin tiyata da wani mutum mai shekara 43, sunansa Arne Larsson. Zuciyarsa ce ke yi masa gardama. Sai ta yi ta bugawa lafiya lau, can kuma ta tsaya cak, ya yanke jiki ya faɗi. A rana guda yakan suma sau da yawa. Matarsa ta hana likitoci sakat, har sai da likita Ake Senning da injiniya Rune Elmqvist suka yarda su gwada abin da ba a taɓa gwadawa a jikin ɗan Adam ba: su dasa masa na'urar da za ta riƙa zungurar zuciyar da ɗan lantarki tana bugawa a kan ƙa'ida. A cikin gwangwanin man goge takalmi Elmqvist ya zuba na'urar ta daskare, don haka girmanta ke nan.

'Yan sa'o'i kawai ta yi, ta mutu. Washegari aka sa masa wata.

To, ku riƙe wannan a ranku. Larsson ya rayu har shekarar 2001, ya kai shekara 86, an dasa masa na'ura har guda 26, kuma sai da ya ga rasuwar injiniyan da likitan duka biyun kafin tasa ta zo.

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Yau maganarmu a kan haɗewar mutum da na'ura ce, da dalilin da ya sa nake cikin masu kyautata wa abin zato.

Da an ambaci wannan magana, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne dodon fim, rabi ƙarfe rabi tsoka, ido ja wur. Amma kalmar da Turawa ke kiran irin wannan halitta da ita, wato cyborg, wasu masana biyu ne suka ƙirƙiro ta a 1960, Manfred Clynes da Nathan Kline, kuma damuwarsu ita ce yadda ɗan Adam zai rayu a sararin samaniya. Ko a lokacin da suke rubutun, Larsson ya shekara biyu da fara tasa tafiyar. Yau kuwa miliyoyin mutane ne ke yawo da irin na'urarsa a ƙirji. Kuna cin karo da su a hanya, ba ku ma sani ba.

Tambayar farko ita ce: me ya sa jiki ke yarda? Ai jiki ba ya son baƙo. Ƙaya ta soke ka, wurin ya kumbura, ya yi ruwa, har sai ta fita. Wani likitan ido a Landan, Harold Ridley, shi ya lura da wani abu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ana kawo masa matuƙa jiragen yaƙi waɗanda ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shige musu ido, sai ya ga idon ya zauna da ɓarɓashin lafiya, babu kumburi. A 1949 ya sassaƙa ƙwayar gani da irin wannan roba, ya dasa wa wata mai yanar ido. Abokan aikinsa sun daɗe suna ganin ganganci ya yi. Yanzu aikin cire yanar ido yana cikin tiyatar da aka fi yi a duniya, kuma kusan duk wanda aka yi wa, da roba a idonsa yake ganin jikokinsa.

Wannan duk a kan tsoka ne. Inda labarin ya fi daɗi shi ne lokacin da na'ura ta fara magana da jijiya, kuma a kunne aka fi ganin haka.

A can cikin kunnenka akwai wani ɗan sashe da ya naɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi wajen 3,500 da ke karɓar sauti su mayar da shi saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwa. Idan suka mutu, ba sa tsirowa, mutum ya kurumce ke nan. Wani likita a Melbon ta Ostireliya, Graeme Clark, wanda mahaifinsa ma ya yi fama da rashin ji, ya ce to me zai hana a tsallake matattun ƙwayoyin, a kai saƙon ga jijiyar kai tsaye? Matsalar ita ce yadda za a cusa waya a cikin wannan naɗaɗɗen rami ba tare da an yi ɓarna ba. A bakin teku ya samo dabarar, yana wasa da bawon katantanwa da tsinken ciyawa: ya ga idan tsinken na da laushi a baki da ƙarfi a gindi, yana bin naɗin har ciki. A 1978 ya dasa wa wani mutum mai suna Rod Saunders, wanda ya kurumce bayan haɗarin mota.

Ga abin mamakin. Na'urar da aka fi dasawa yau ba ta wuce bakin waya 22 ba, wato 'yan wuraren da lantarki ke fita ya taɓa jijiyar. 22, a madadin 3,500. A lissafi bai kamata ta yi aiki ba, kuma manyan masana da yawa haka suka ce a lokacin. Waɗanda aka dasa wa bayan sun taɓa ji sukan ce da farko muryoyin mutane kamar na mutum-mutumi suke, ƙara ce kawai mara kan gado. Sai a yi wata ɗaya, wata uku, wata shida, ƙarar ta fara zama kalmomi, kalmomin su zama muryar matar mutum, har ya ɗauki waya ya yi hira. Na'urar ba ta canza ba. Ƙwaƙwalwar ce ta koyi sabon harshe. Mutanen da aka yi wa wannan dashe sun haura miliyan 1.

A nan kyakkyawan zatona ya tsaya da ƙafafunsa. Injiniya ba sai ya gama fahimtar ƙwaƙwalwa ba kafin ya amfane ta. Ya kawo rabin hanya, ita za ta taro shi. Dama halinta ne tun fil azal: makaho da ya saba da sandarsa, a bakin sandar yake jin ƙasa, ba a tafin hannunsa ba. Direban da ya saba da motarsa yana jin faɗinta kamar kafaɗunsa. Ƙwaƙwalwa ba ta tambayar ko abu tsoka ne ko ƙarfe, in dai saƙo na zuwa yana komawa.

Sai mataki na gaba: karanta abin da ƙwaƙwalwar ke nufi. Akwai wata 'yar na'ura da aka ƙera a Jami'ar Utah, faɗinta milimita 4, da 'yan allurai 100 a jikinta kamar burushi. Ana dasa ta a sashen ƙwaƙwalwa mai ba gaɓoɓi umarnin motsi, ta riƙa sauraron tartsatsin ƙwayoyin jijiya, kwamfuta kuma ta koyi cewa wannan salon tartsatsi yana nufin dama, wancan yana nufin hagu. A 2004 wani matashi ɗan Amurka, Matt Nagle, wanda jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, ya motsa kibiyar kwamfuta da niyya kawai. A 2011 wata mata, Cathy Hutchinson, wadda ta kusa shekara 15 ba ta iya ɗaga hannu, ta umarci hannun mutum-mutumi ya ɗauko kwalbar kofi ya kai mata baki, ta zuƙa. In kun taɓa ganin hoton bidiyon, murmushin da ta yi bayan nan ya fi duk wani bayani da zan yi.

Daga nan abin ya ƙara wuta, domin ƙirƙirarriyar basira ta shigo, kuma gane salo a cikin hayaniya shi ne aikin da ta fi ƙwarewa a kai. A 2023 kaɗai, ga abin da ya faru. A Jami'ar Stanford, Pat Bennett, wadda cuta ta ƙwace wa magana, ta riƙa fitar da kalma 62 a minti ɗaya a kan allo. A San Faransisko, Ann Johnson, wadda bugun jini ya hana magana tun 2005, ta kai kalma 78 a minti, kuma da muryarta ta dā, domin masanan sun ɗauko faifan jawabin da ta yi ranar aurenta suka koya wa kwamfuta. Hirar yau da kullum takan kai kalma 160 a minti, don haka an kusa rabi. A birnin Lozan na Siwizalan kuma, Gert-Jan Oskam, ɗan Holan da lakarsa ta lalace a haɗarin keke, ya miƙe ya taka har ya hau matakala, bayan an yi wa saƙon gada daga ƙwaƙwalwarsa zuwa ƙasan inda lakar ta samu rauni.

Na san sunan da kuke jira shi ne Neuralink, kamfanin Elon Musk. A watan Janairun 2024 suka dasa wa mutum na farko, Noland Arbaugh, na'ura mai bakin waya 1,024 a jikin zare 64, kowane ya fi gashin kai siranta, kuma babu wata igiya da ta fito daga kansa. Ya buga wasan dara irin na Turawa a kwamfuta, ya kwana yana wasannin bidiyo. Gaskiya ci gaba ne. Amma bayan 'yan makonni da yawa daga cikin zaren suka zame daga inda aka soka su, sai da aka gyara manhajar kafin ya dawo da ƙarfinsa. Ni wannan ya tuna mini da na'urar Larsson ta farko, mai 'yan sa'o'i.

Yanzu bari mu taɓa masu dogon buri. Ray Kurzweil, injiniya kuma mai hasashe, ya daɗe yana cewa kwamfuta za ta kamo basirar mutum a 2029, sannan a wajen 2045 mu haɗe da ita, tunaninmu ya ninka ba iyaka. Hujjarsa ba ta banza ba ce. A 1971 ƙwaƙwalwar kwamfuta ta farko da kamfanin Intel ya sayar tana da 'yan makunnai 2,300 ne, yau ta cikin wayarka tana da biliyoyi. Sai dai hanyar jirgi daban, ta mota daban. Silikon, abin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, yana ninkawa, tsoka ba ta ninkawa. Ƙwaƙwalwarka na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, mu kuma muna murnar sauraron 'yan ɗaruruwa ko dubu. Kamar mutum ne ya kafa kunne a jikin bangon filin wasa, yana son jin abin da kowane ɗan kallo ke faɗa. Ga kuma tabo: ƙwaƙwalwa takan lulluɓe allurar da aka soka mata da wani nama, saƙon ya riƙa dusashewa shekara bayan shekara. Ga ruwan jiki mai gishiri da ɗumi, wanda ke cin kayan lantarki a hankali. Saboda haka batun kwashe tunanin mutum a zuba a kwamfuta, ni a wurina har yanzu romon baka ne. Da sauran rina a kaba.

Kuma akwai abin da ya fi tabo damuna. Wani kamfani a Amurka, Second Sight, ya ƙera na'urar da ke ba makafi ɗan gani, haske da inuwa, aka dasa wa mutum sama da 350. Daga baya kamfanin ya shiga matsalar kuɗi, ya daina ƙera ta. Ka yi tunani: na'ura na cikin idonka, wanda ya yi ta ya rufe shago, in ta lalace babu mai gyara. A 2017 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce a sabunta manhajar na'urorin bugun zuciya wajen 465,000 saboda an gano masu kutse za su iya shiga. Wayarka in an yi mata kutse, ka jefar ka sayi wata. Wannan fa? Ƙasar Cile ta riga kowa farkawa, a 2021 ta gyara kundin tsarin mulkinta don kare bayanan ƙwaƙwalwar ɗan ƙasa. Sauran ƙasashe da yawa ko zancen ba su fara ba.

Duk da haka ban sauya ra'ayi ba, saboda waɗannan matsaloli irin waɗanda aka saba warwarewa ne: doka, kayan ƙira masu laushi, batir mai ƙarko. Batirin na'urar zuciya da ya gaza kwana ɗaya a 1958, yau yana kai shekara goma.

Abin da ni nake sa wa ido yanzu shi ne hanyar dawowa, wato na'ura ta riƙa mayar wa ƙwaƙwalwa da ji. Nathan Copeland ya yi haɗarin mota a 2004 yana ɗan shekara 18, jikinsa ya shanye. A 2015 masana a Jami'ar Pittsburgh suka dasa masa na'urori a wuri biyu: sashen motsi, da sashen da ke karɓar taɓi. Suka rufe masa ido, suka riƙa taɓa yatsun hannun mutum-mutumi ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wane yatsa aka taɓa. A 2016 ya gaisa da Shugaba Obama da wannan hannu. Da aka gwada shi a aikin ɗaukar abu a ajiye a wani wuri, in an kashe masa jin taɓi yakan ɗauki daƙiƙa 20. Da aka kunna, ya koma 10.