Dashen ƙoda a Indiya: lissafin da ake mantawa da shi

Jama'a masu saurare, a nan Yamai da wuya ka zauna a fada ba ka ji an ce an fita da wane Indiya ba. Da can Faransa aka sani, sai Tunisiya da Maroko. Yanzu Delhi da Chennai sun shiga bakin mutane, musamman masu ciwon ƙoda da suka gaji da kai da kawowa wurin wankin ƙoda kowane mako.

Ba a banza ake tururuwa ba. Indiya tana da ƙwararrun likitoci, kuɗin aiki bai kai na Turai ba, kuma tana ba da biza ta musamman ga majinyaci da mai rakiyarsa. Jirgi dai sai an ratsa ta Addis Ababa ko Istanbul.

Sai dai akwai abin da 'yan kamasho ba sa son faɗa. Tun 1994 dokar Indiya ta haramta cinikin sassan jiki. Baƙo shi zai zo da mai ba shi ƙoda, kuma abin da ya fi sauƙin wucewa shi ne na jikinsa: uwa, uba, ɗa, ɗan'uwa, miji ko mata. Kwamiti zai tantance takardu, ofishin jakadancin ƙasarku ya shaida dangantakar. Duk wanda ya ce maka zai samo maka ƙoda a can, gidan kaso yake nuna maka.

Babbar magana kuwa tana bayan dawowa. Wanda aka yi wa dashe zai sha maganin da ke hana jikinsa ƙin sabuwar ƙodar har iyakar rayuwarsa, ga gwajin jini a kai a kai. Ya yi sakaci da maganin, ƙodar na iya lalacewa, ya koma kan na'urar da ya gudo. To, iyalin da suka sayar da fili da garke suka biya aiki, da me za su sayi maganin shekara ta biyu? Ga takardun sallama da Ingilishi, likitocinmu kuma da Faransanci suke aiki.

Alhaji, Hajiya, kafin ku biya kuɗin jirgi, ku zauna da likitan ƙoda a asibitin Lamorde ko babban asibitin Référence, ya faɗa muku wa zai ci gaba da duba mai jikin in ya dawo, a ina za a samu maganin, kuma jika nawa zai ci a wata.