Fitilar cek injin ta sake dawowa bayan an goge ta? Mu duba EGR

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau maganar fitilar nan mai ruwan ɗorawa za mu yi, wadda ake kira cek injin, wadda za ka kai mota a jona mata na'ura a goge, ka tafi kana murna, bayan kwana uku ko sati ɗaya sai ka ga ta sake kunnowa a dashbod kamar ba a taɓa yin komai ba. Abubuwa da yawa na kunna ta, amma yau EGR kawai za mu kama, don shi ne ya fi yi wa mutane wannan wasan ɓuya.

Toh menene ma EGR ɗin? Wani bawul ne da ke ɗebo kaɗan daga hayaƙin da zai fita ta salansa ya mayar da shi cikin injin. Hayaƙin nan ya riga ya ƙone, ba zai sake cin wuta ba, saboda haka idan ya gauraya da sabuwar iska sai ya rage zafin ƙonuwa a cikin silinda, kuma idan zafin ya ragu, gubar nan da ake kira NOx sai ta ragu. Tun farkon shekarun 1970 aka fara saka shi a motocin Amurka. Abin da nake so ku riƙe shi ne, bawul ɗin ba kullum yake buɗe ba. Idan mota na silo a rufe yake musamman a motar fetur, idan injin bai ɗau zafi ba a rufe yake, idan ka take totur har ƙasa ma rufewa yake. Sai ana tafiya matsakaiciya yake buɗewa.

Nan ne amsar tambayar take. Kwamfutar mota ba ta gwada EGR kowane lokaci, sai injin ya yi zafi sosai, an samu tafiya a miƙe ko an saki totur mota na gangarawa da kanta, sannan take yin gwajinta. Kuma a yawancin motoci sai gwajin ya faɗi a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. Kun ga kenan mutumin da zirga-zirgarsa gajeriya ce zai iya yin kwanaki fitila ba ta dawo ba, ya ɗauka an gyara, alhali kwamfutar ce ba ta samu damar yin gwaji ba tukuna. Gogewa ko cire kan batir mantar da kwamfutar kawai yake yi, matsalar tana nan inda take.

Don haka kafin a goge komai, don Allah a rubuta lambar matsalar da na'urar ta nuna. Ana jona na'urar a soket ɗin OBD2 mai ƙafa 16 da ke ƙasan sitiyari. P0401 na nufin hayaƙin da ke wucewa bai kai ba. P0402 ya yi yawa. P0403 matsalar wuta ce a layin da ke sarrafa bawul ɗin, P0404 bawul ɗin ba ya zuwa inda aka umarce shi, P0405 da P0406 kuma sensar EGR ɗin ce ke ba da karatu ƙasa ko sama da ƙima. Sannan akwai bayanin da kwamfutar ke ajiyewa na daidai lokacin da matsalar ta faru, gudun mota nawa, zafin injin nawa, juyin injin nawa. Da an goge, wannan ma ya tafi, kuma wallahi shi ne ya fi komai amfani ga mai gyara.

P0401 ita ce ta fi cinye wa mutane kuɗi, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta. Da an ga lambar sai a ce bawul ya mutu a sayo sabo, a ɗaura, bayan kwana biyar fitila ta dawo. Me ya sa? Lambar ba ta ce bawul ya lalace ba, cewa ta yi hayaƙi ba ya wucewa yadda ya kamata. Hayaƙin nan yana bi ta wasu ƙananan hanyoyi a cikin manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silinda, kuma kunkunniya tana taruwa a ciki a hankali har ta yi tauri kamar gawayi ta toshe su. Ka saka sabon bawul yana buɗewa lafiya lau amma hanyar da ke bayansa a toshe take, ina hayaƙi zai bi?

Gwajin kuma ba wuya. A bar injin ya yi zafi yana silo, sai a tilasta wa bawul ɗin ya buɗe, idan irin na da ne mai aiki da zuƙar iska a yi amfani da ɗan famfon hannu, idan na wuta ne a ba shi umarni daga na'ura. Idan hanya a buɗe take, nan take injin zai fara karkarwa ko ma ya mutu. Idan bawul ya buɗe amma injin ko gezau, toh toshewa ce, a kwance a kankare hanyoyin a wanke su, ba bawul kaɗai ba, kuma a saka sabon gaskit. A motar dizal ana kallon karatun sensar iska ne, idan EGR ya buɗe dole iskar da ke shiga ta ragu, idan karatun bai motsa ba kun san inda za ku nufa.

Idan kuma injin ya yi karkarwa, ma'ana hayaƙi na wucewa, amma lambar na dawowa, sai a koma kan mai ba kwamfuta rahoto, wato sensa. Tsofaffin motocin Ford da yawa suna da sensa mai suna DPFE, wadda ke auna hayaƙin da ke wucewa, da ƙananan tiyo guda biyu, zafi da danshi na kashe ta, tiyon ma yana tsagewa. Wasu motocin da sensar MAP, mai auna matsin iska a manifol, suke aunawa, ita ma kunkunniya na rufe mata baki. A duba soket ko ya yi tsatsa, a duba wayar da ta goga jikin ƙarfe mai zafi, waɗannan ƙananan abubuwa ne da ake tsallakewa.

Jikin motar ma yana magana. Bawul da ya maƙale a buɗe yana sa mota ta riƙa rawa a silo, tana mutuwa idan ka tsaya, dizal kuma ta yi ta baƙin hayaƙi ba ƙarfi. Wanda ya maƙale a rufe kuwa, a motar fetur za ka ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan kana hawan tudu. Idan ruwan lagireto na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba ga farin hayaƙi a salansa, a duba abin sanyaya hayaƙin EGR, yana iya fashewa ta ciki, wannan kam kada a yi wasa da shi.

Wanda aka wanke masa komai fes amma bayan 'yan watanni ta sake toshewa, shi kuma a nemi inda dattin ke fitowa. Tururin baƙin mai da ke zuwa ta bawul ɗin PCV, wanda ke mayar da tururin cikin injin hanyar shigar iska, idan ya haɗu da hayaƙi shi ke zama wannan baƙin danƙon, nozul da ke zubar da mai fiye da ƙima na ƙara shi, haka tamostat da ya maƙale a buɗe ko wanda aka cire gaba ɗaya, injin ba ya kai zafinsa. Ni dai ba na goyon bayan a toshe EGR da faranti a huta, fitilar za ta ci gaba da ci a motoci da yawa, gubar kuma mu da yaranmu ne ke shaƙarta.

Bayan gyara, wasu motocin sai an koya wa kwamfuta sabon matsayin bawul ɗin da na'ura. Sannan a fita da motar kan titi mai tsawo injin ya yi zafi, a yi tafiya a miƙe, a riƙa sakin totur tana gangarawa, a dawo a sake jona na'ura a duba ko gwajin EGR ya nuna an kammala kuma babu lambar da ke jiran fitowa. Idan har yanzu yana nuna bai kammala ba, a sake zagayowa.