Me ya sa sabon gilashin jirgin ruwa yake tsagewa daga bakin sukuru?

Ga wata tsaga a gilashin wani jirgin ruwa. Ba daga tsakiya ta faro ba, daga bakin sukuru ta taso, ta yi rassa kamar saƙar gizo-gizo. Gilashin nan na roba ne, bai cika wata biyu da sawa ba, kuma ba abin da ya buge shi. Tunda hotuna irin wannan suka fara yawo, maganar mutane ɗaya ce, wai an sayar wa mai jirgi jabu. Ni dai ban yarda ba. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, hannun da ya ɗaura ne ya jawo.

Jirgin da ke gabanmu tsohon jirgin kamun kifi ne na fayiba, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa a Amurka a shekarun 1970 da 1980, firam ɗin gilashinsa na alminiyom. Cire tsohon ba wani abu ba ne. Ku ɗauki hoto kafin ku taɓa komai, ku zuba wa sukurorin mai su kwana, don ƙarfe da alminiyom in suka daɗe tare cikin ruwan gishiri sai su manne. Farin garin da za ku gani a wurin sukurorin, shi ne shaidar. Kuma don Allah kada ku jefar da tsohon gilashin, ko da ya yi hazo kamar idon tsohuwar akuya. Shi ne ma'auninku. In ya riga ya farfashe, a yanka kwali, a gwada a firam, a rage, a sake gwadawa.

Me za a saka? Gilashin gaske da aka gasa ya yi tauri ba ya ƙarzuwa da wuri, amma da zarar an gasa shi ba a yanka shi, ba a huda shi, sai dai ku kai awo a yi muku. Shi ya sa yawancin masu gyara da hannunsu suke komawa ga roba mai kama da gilashi. Akwai akirilik, wanda aka fi sani da Plexiglas, sunan da wani kamfanin Jamus ya ba shi a 1933. Nauyinsa kusan rabin na gilashi ne, kuma yana jure rana. Akwai folikabonet, wato Lexan, wanda ya fi wuyar fashewa nesa ba kusa ba, sai dai yana saurin ƙarzuwa, kuma rana tana mayar da shi ruwan ɗorawa in ba mai rufin kariya ba ne. In ni ne, akirilik zan saya.

To, yanzu ku gyara zama, nan ne maganar take.

Akirilik ba ya zama wuri ɗaya. In ya ji zafi ya miƙe, in ya ji sanyi ya tsuke. Kowace mita ɗaya tana ƙaruwa da kusan milimita 0.07 a duk digiri ɗaya. Kamar ba komai ko? Mu yi lissafi. Da asuba lokacin hunturu, a ce digiri 15 ne. Da azahar jirgi na shanye a rana, gilashin ya kai digiri 50. Bambancin 35 ke nan, wato mita ɗaya ta miƙe da kusan milimita biyu da rabi. Shi kuwa firam na alminiyom, ko milimita ɗaya bai kai ba. Ɗaya na son tafiya, ɗaya ya ce ba inda za shi, sukuru kuma yana tsakani. In hujin daidai kaurin sukurun aka yi shi, ƙarfin nan ba shi da mafita sai bakin hujin. Yau ya matsa, gobe ya matsa, wata rana ku wayi gari da saƙar gizo.

Maganin shi ne abin da tela ke yi wa rigar yaro ta Sallah, a bar masa wurin girma. Sukuru mai milimita 5, a yi masa huji mai milimita 8. Na san zuciyarku ba za ta so ba, za ku ga kamar aikin ya yi sako-sako. Ku bar shi haka. Kuma hujin kada ya matso baki, a bar aƙalla ninki biyu na faɗinsa.

Ga yadda ake hudawa. Takardar da ke manne a jikin robar tana nan, ba a ɓare ba. Katako a ƙasa. Bakin injin huji irin na huda ƙarfe yana da kaifin da ke cafkar roba ya fizge ta, musamman lokacin da zai ɓulla ta baya, don haka a ɗan dakushe kaifin a dutsen washi. A hankali, ba dannawa, ana ɗiga ruwa don kada robar ta narke. Kun ga yadda ɓawon ke fitowa a nannaɗe? Haka ake so. Sai a bi bakin hujin da samfefa mai laushi, domin 'yar ƙaramar ɓantara ita ce mafarin tsaga.

Sukuru mai kai kamar mazurari, wanda ke nutsewa cikin katako, ku ajiye wa kafinta kayansa. A jikin akirilik aikin gatari yake yi, yana buɗa hujin. Mai faffaɗan kai za ku nema, da washa ta roba a ƙarƙashinsa.

Sai ɗaurewa. Mu fa mun saba, in ba mu ji sukuru ya yi kuka ba, gani muke bai ɗauru ba. Ajiye injin nan, malam. Sukurudireba a hannu, da zarar ka ji ya zauna, ka tsaya, ka ma ɗan mayar da shi baya kaɗan. Ba sukuru ke hana ruwa shiga ba, aikin abin liƙi ne. Tef ɗin butil, wato na wata roba mai danƙo, yana nan da laushinsa shekara da shekaru, yana bin gilashin duk inda ya motsa. In na matsawa kuke so, ku nemi wanda aka yi don tagar roba, irin Sikaflex 295 UV. Gam mai ƙanƙarewa kamar dutse ya mayar da ku gidan jiya.

Saura kaɗan. A ɓare takarda, a kwara bokitin ruwa daga waje, mutum ɗaya na ciki yana duba ɗiga. Wanki kuma ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Ban da fetur, ban da tina, ban da ruwan goge gilashin mota mai amoniya, duk suna sa shi ya yi ƙananan tsagogi kamar tsohon tangaran. Kuma in gishiri ya bushe a kai, ku fara zuba ruwa kafin tsumma ya taɓa shi.