Ƙwayar Zarra Nawa Ke Zama Ƙarfe? Lacca Kan Haske da Tsananin Sanyi

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai da sauran 'yan'uwa, barkanmu da yamma.

Awarwaron azurfa duk mun san shi. Yana ƙyalli, lantarki na bi ta cikinsa, maƙeri na lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Amma ƙwayar zarra guda ta azurfa ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan halaye. To, guda nawa za a tara kafin a ce ƙarfe ya samu? Masu binciken ƙananan curin ƙarfe, wato ƙwayoyi biyu zuwa 'yan ɗaruruwa da suka manne wa juna, wannan tambayar suke bi, kuma da haske suke binta.

Kowane sinadari akwai hasken da yake sha, akwai wanda yake fitarwa. Ku watsa gishiri a wuta, harshenta zai yi rawaya. Sodiyom ne ke ba da wannan launi, a tsawon zangon haske na nanomita 589 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Ƙwayar azurfa guda ɗaya kuwa tana shan haske a nanomita 328 da 338, inda ido ba ya gani. A na'urar awon haske, waɗannan wurare layuka ne sirara ƙwarai, domin ilekturon, wato ɗan ƙwayar lantarki da ke cikin ƙwayar zarra, matakan ƙarfinsa ƙidayayyu ne, ba ya tsayawa tsakanin biyu.

Da ƙwayoyin za su kai dubbai, sai lamarin ya sauya. Ilekturon ɗin sai su riƙa kaɗawa tare, su sha haske a fage guda mai faɗi. Akwai wani kofin gilashi na Rumawa, na ƙarni na 4, a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan: in haske ya faɗo masa ta gaba kore ne, in ya ratso ta baya sai ya koma ja, saboda ɓurɓushin zinariya da azurfa da ke cikinsa. Michael Faraday ya nazarci jan ruwan zinariya a 1857, Gustav Mie kuma ya kawo lissafin abin a 1908.

Tsakanin nan biyu ne abin sha'awar yake. A 1984, Walter Knight da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ƙirga curin sodiyom, suka tarar masu ƙwaya 8, 20, 40, 58 da 92 sun fi sauran yawa. Ashe ilekturon ɗin curin zama suke rukuni-rukuni, duk curin da rukuninsa ya cika sai ya fi ƙarko. A wannan girman, ƙara ƙwaya ɗaya tak na iya sauya siffa da launi da halin curin baki ɗaya.

To ina sanyi ya shigo? Nan nake so ku ba ni hankalinku. Zafi motsi ne. Curi mai ɗumi yana rawa, yana juyi, wani lokaci ma yana sauya siffa. In ka haska shi a haka, layukansa sai su cakuɗe, tamkar hoton yaron da ya ƙi tsayawa gaban mai hoto. Hellmut Haberland da tawagarsa a Freiburg ta Jamus sun nuna haka ƙarara a shekarun 1990: ƙaramin curin sodiyom mai ɗumi ya ba su tudu mai faɗi, da suka sanyaya shi sai tudun ya rabe zuwa layuka daban-daban. Wanda ya tsaya a awon ɗumi zai rantse curin ya riga ya zama ƙarfe, alhali kuwa da sauransa.

Hanya ta farko ta sanyayawa ta samo asali ne daga aikin George Pimentel a 1954. Ana feso iskar argon ko niyon a kan faranti mai sanyin kusan digiri 10 a ma'aunin Kelbin. Ku tuna, sifirin wannan ma'auni shi ne digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. Iskar sai ta zama ƙanƙara garau, ta riƙe curin a cikinta, ba ta kuma haɗuwa da shi. Wahalar aikin ita ce tace curin da nauyinsa, a tabbatar mai ƙwaya takwas ne kaɗai ya wuce, sannan a sauke shi a hankali kada ya tarwatse. Wolfgang Harbich da abokan aikinsa a Lozan ta Suwizalan sun daɗe suna wannan da azurfa, kuma a 2001 suka ba da rahoton cewa curi mai ƙwaya takwas yana fitar da haske nasa na kansa in an haska shi. Awarwaro ba ya yin haka. Ni dai wannan sakamako yana burge ni ainun.

Sai dai ƙanƙarar na matsa curin, ta ɗan gusar da layukansa. Shi ya sa wasu suka koma ga ɗigon hiliyom, hanyar da Peter Toennies a Gottingen ya taimaka wajen kafawa. Sanyin ɗigon digiri 0.37 ne na Kelbin, kuma ruwa ne marar kauri ko kaɗan, da ƙyar yake taɓa baƙonsa. Azurfa takan nutse cikinsa, sodiyom kuwa a samansa yake zama.

Wani zai ce, Malam, amfanin me? Zinariya da aka sani ba ta tsatsa, ba ta shiga harkar kowa, amma Masatake Haruta na Japan ya nuna a 1987 cewa ɓurɓushinta na taimakawa wajen mayar da iskar guba ta kabon monoksaid zuwa kabon dayoksaid ko a cikin sanyi. Ba za ka iya tsara irin wannan ba sai ka san yadda ilekturon ke zaune, awon haske a sanyi kuma shi ke gwada ko lissafin kwamfuta ya yi daidai.

Amsar tambayarmu kuwa ta danganta da ƙarfen. Sodiyom da wuri ilekturon ɗinsa ke sakin jiki. Zaiba kuwa, awon da aka yi a Tel Abib a 1998 ya nuna sai ta kai wajen ƙwaya 400 kafin giɓin da ke tsakanin matakanta ya rufe.

Na ga shugaban taro na duba agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.